Allurar da Gerlinde Ta Daidaita

Shekara hamsin da uku na san Gerlinde Hempel, kuma ban taɓa jin ta ce "ƙila" a kan maganar aiki ba. A kan maza tana cewa ƙila, a kan ruwan sama tana cewa ƙila, amma in aka zo kan allurar da ke auna haske a cikin kyamara, to abin da ta faɗa shi ke nan, wanda bai yarda ba ga ƙofa nan. Ni kuwa Waltraud, wadda kowa ke kira Traudel, na yarda da ita fiye da yadda na yarda da likita. Ba na jin kunyar faɗa, don rabin garin Dresden ma haka suke.

Muna 'yan shekara goma sha bakwai muka haɗu a masana'antar kyamara. Ni aka ajiye a ƙasa ina liƙa baƙar fata a jikin kyamara, aikin da ko ana gyangyaɗi za a yi. Ita aka kai ɗakin sama, ɗakin allura, inda mata goma sha biyu ke zaune cikin fararen riguna, gashi a ɗaure, ba mai shiga da hoda a fuska. Abin da ke motsa allurar wata 'yar waya ce naɗaɗɗiya, ta fi gashin jariri sirantaka, in aka yi atishawa kusa da ita ta tafi kenan. A can Gerlinde ta koyi riƙe numfashi, har ya bi jikinta: ko zare za ta sa a allurar ɗinki a gida sai ta ɗauke numfashi. Matan ɗakin sama suna ji da kansu, teburinsu daban a wurin cin abinci. Ni nake ce mata Gimbiya, ita kuma ta ce mini mai gam, kuma a haka muka tsufa.

Ubangidansu wani tsoho ne, Herr Pietzsch, mai wani ɗan bututun ƙarfe tsawon yatsa da ya mallaka tun kafin yaƙi. In ka leƙa ciki za ka ga lambobi daga ɗaya zuwa goma sha biyu a jere, kowace ta fi ta gabanta duhu. Sai ka nufi bango da shi, ka ɗan jira, lambar ƙarshe da idonka ya iya karantawa ita ce yawan hasken wurin. Masana'anta tana da manyan injinan gwaji, amma tsohon ya ce inji zai lalace bai gaya wa kowa ba, ido kuwa naka ne. Kowace safiya da bututun yake gwada injin, ba da injin yake gwada bututun ba. Da zai bar aiki, a gaban matan nan goma sha ɗaya ya ɗauki bututun ya sa a hannun Gerlinde, ya ce idonta ya fi nasa. Maganar nan ba ta taɓa barin kanta ba.

Da bangon Berlin ya faɗi, gabashi da yammacin ƙasar suka haɗe, ba a daɗe ba aka rufe masana'antar. Ni na koma wanke bene a makaranta. Mijin Gerlinde ya tsallaka yamma neman aiki, ya ce zai aiko ta biyo shi, har yau ana jira. Ba su haihu ba. Sai ta kwashe gado daga ɗakinta na gaba, ta kafa tebur a gindin taga, ta jera 'yan sukudirebobinta da hantsaki da ƙarfen narka dalma, ta rubuta sunanta a allo ta rataya a ƙofa. Tagar tana kallon arewa, kuma a ƙetaren titi akwai doguwar katanga mai launin toka. Da wannan katangar take daidaita kowace allura, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ba kafin nan ba, ba bayan nan ba. Shekarar da mai gidan ya so ya shafa wa katangar rawayan fenti, sai da ta yi mako uku tana zuwa ƙofarsa kullum, har mutumin ya gaji ya mayar da fentinsa kanti.

Aiki kuwa ya zo mata, don tsofaffin kyamarorin nan duk ciwonsu ɗaya. Batirin da aka ƙera su da shi yana da zaiba a ciki, an hana sayar da shi. Sabon batir ya fi shi ƙarfi, in aka sa sai allura ta riƙa ƙarya. Gerlinde takan buɗe ƙasan kyamarar, ta yanke wayar batir, ta dasa wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa da ke rage ƙarfin wutar, ta liƙe da dalma. Sannan ta jira ƙarfe goma sha ɗaya, ta leƙa bututunta, ta ga lamba, ta juya wata 'yar ƙusa a cikin kyamarar har allura ta yarda da abin da idonta ya gani. Daga Leipzig, daga Berlin, har daga Hamburg ake aiko mata da kyamarori ta gidan waya, a naɗe cikin tsofaffin safa.

A shekarun baya-bayan nan ta ɗauki wata ɗabi'a da nake mata dariya a kai. Kullum tana kan kujera da bokiti tana wanke taga. Ta ce hayaƙin motocin zamani ne ke dusashe gilashi, ta ce ƙwan lantarkin yanzu ba shi da kirki, ta ce ko damina ba ta da hasken da. Ni kuma in ce Gimbiya, tsufa ne, komai na da ya fi. Sai mu yi dariya mu sha kofi. Ni da na zauna da ita duk ranar Lahadi, ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba.

Mijina Eckart direban taragon cikin gari ne, shekara talatin da takwas a layi ɗaya. Kyamararsa daga masana'antarmu ta fito, na saya masa shekarar da aka haifi ɗanmu Torsten, kuma ƙila ma ni na liƙa fatarta. Ba ya ɗaukar hoton takarda, sai fim ɗin majigi, irin wanda ake haskawa a bango. Akwatuna arba'in muke da su a saman kabad. Ina ciki, Torsten na ciki, surukata na ciki da bakinta a murtuke, har karen maƙwabta yana ciki. Eckart ba ya ciki, sai inuwarsa a ƙasa nan da can, don kullum shi ne a bayan kyamara, kuma in wani ya nufe shi da tasa sai ya kawar da kai. Hoton aurenmu ɗaya ne, ruwa ya cinye shi shekarar da kogi ya shigo gari. Abin da ya rage sai na katin aikinsa, yana ɗan shekara ashirin da biyar, yana harara kamar an kama shi da sata.

A watan Agusta likita ya kira mu ofishinsa ya rufe ƙofa. Ciwon dajin huhu ne, kuma ya riga ya bazu. Da muka fito muka hau tarago, sai Eckart ya ce yana so mu koma tsibirin Usedom, inda muka je bayan aurenmu, kafin sanyi ya shigo. Ya ce wannan karon ni zan riƙe kyamara, shi zai zauna, in ɗauka iya son raina. Shekara arba'in da shida ina roƙon mutumin nan ya tsaya a ɗauke shi, sai yau. A cikin taragon na fashe da kuka, mutane suna kallo, ban damu ba.

Kyamarar ta yi shekara goma a kabad, allurarta a kwance ba ta motsi. Shi ba ya buƙatarta, da ido yake ƙiyasta haske, amma ni ban san komai ba. Washegari muka kai wa Gerlinde. Na gaya mata maganar likita a tsaye a bakin ƙofa. Ba ta rungume ni ba, ba halinta ba ne. Ta ture kyamarori bakwai da ke jiran layi zuwa gefe, ta shimfiɗa sabon farin ƙyalle, ta ɗora ta Eckart a kai, ta ce mu dawo jibi kafin ƙarfe goma sha ɗaya.

Da muka dawo mun tarar ta buɗe ta, ta kankare tsatsar da tsohon batir ya bari, ta sauya waya, ta dasa ƙwayar shinkafarta, har madubin ciki ta goge. A gabanmu ta ɗauki bututun, ta nufi katangar, ta ɗauke numfashi. Ta ce takwas. Ta juya 'yar ƙusar, ta leƙa kyamara, ta ƙara juyawa, ta rufe ta miƙa wa Eckart. Ya leƙa, ya nufi titi, ya nufi sama.

"Frau Hempel," wato Malama Hempel, in ji shi, don haka yake kiranta in zai tsokane ta, "allurarki tana cewa in buɗe idon kyamara sosai. Ga rana kuwa garau a waje."

"Direba, tsaya kan layin dogonka. Na taɓa zuwa na koya maka taka birki?"

Ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce ya tuba. Ya so a gwada fim ɗaya tukuna, amma masu wanke fim ɗin majigi sun ƙare a garinmu, sai an aika nesa, a jira mako uku, mu kuwa ba mu da mako uku na wasa. Gerlinde ta juyo gare ni, ta nuna mini yadda zan leƙa, yadda zan juya zoben da ke bakin kyamara har allura ta zauna a cikin 'yar da'ira.

"In ta zauna, ki danna. Kar ki yi tunani, kar ki saurari kowa, balle wannan."

Kwana shida muka yi a Usedom. Ya riga ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma fuskar tana nan, da hancin nan nasa da ya karkace tun yana yaro. Muka kama hayar irin kujerar nan ta saƙa mai rumfa da ake jerawa a bakin ruwa, ya zauna ciki da hularsa da bargo a gwiwa. Muka ci burodi da bandar kifi a tsaye kamar yadda muka ci muna sabon aure, sai dai yanzu rabi yake ci ya ba tsuntsaye sauran. Na ɗauke shi yana cin kifin, na ɗauke shi yana barci, na ɗauke shi ya naɗe ƙafar wando ya shiga ruwa zuwa idon sawu yana zagin sanyinsa. Har wanda ya yi mini murmushi sosai na ɗauka, da haƙorin nan da ya gutsure, abin da bai taɓa yi wa kyamara ba.

Sau uku ya yi mini magana. Ranar farko ya ce Traudel, ɗan rufe zoben, ranar ta yi yawa. Na ce Gerlinde ta ce in bi allura. Rana ta uku, a kan gadar katako da ta shiga cikin teku, ya sake faɗa, na yi kamar ban ji ba. Ranar ƙarshe ya miƙo hannu zai juya zoben da kansa, na buge hannun.

"Shekara arba'in da shida kana ɓuya a bayan abin nan, yau da na riƙe kuma za ka koya mini? Zauna ka dube ni."

Ya zauna ya dube ni. Ba shi da ƙarfin gardama, kuma dama tun asali ni ke cin gardama a gidanmu. Da yamma ya ce in ara masa ya ɗauke ni ko uku ne. Na ji ya mayar da zoben baya, ƙas, ƙas, ƙas, bai ko dubi allurar ba. Fim biyu muka cinye, hoto saba'in da biyu, uku nawa, sittin da tara nasa.

Mako guda da dawowarmu aka kwantar da shi a asibiti, bai sake fitowa ba. Ya rasu a watan Nuwamba. Fina-finan suna aljihun jaka tare da yashin teku, ban iya taɓa su ba sai bayan sabuwar shekara. Duk tsawon lokacin nan su ne suka riƙe ni. In na ji fuskarsa tana neman ɓace mini, in na rasa yadda girarsa take, sai in ce ba komai, yana cikin jaka, sau sittin da tara. Na aika a Janairu, suka dawo a Fabrairu cikin 'yan akwatuna biyu. Ban buɗe ba, na kira Gerlinde na ce ta zo Lahadi mu gani tare, tunda aikinta ne.

Ta zo ƙarfe uku na rana da kek ɗin Eierschecke daga gidan burodin da Eckart ke so. Na ja labule, na rataya farin zanen gado a jikin kabad kamar yadda yake yi, na kunna tsohon majiginsa mai gurnani. Na danna na farko, sai fari. Na ce ƙila farkon fim ne. Na biyu fari, da wani ɗan duhu a ƙasa da ya yi kama da bargo. Na uku, na huɗu, na goma. Ana ganin alamar kujera, ana ganin takalmi, wani lokaci madaurin wando. Inda fuska take kuwa fari fat, kamar rigar da aka manta a cikin bilic. Ina dannawa, ina jiran na gaba ya fito daidai.

Gerlinde tana gefena da farantin kek a cinya. Na ɗauka ita ma ta ga abin da na gani. Sai na ji ta ce, cikin jin daɗi, ai ga shi nan, haske garau, ta daɗe ba ta ga hotuna masu haske haka ba. Na juyo na dube ta, na ga ba wasa take ba. Tana kallon farin zanen tana gyaɗa kai.

Can wajen ƙarshe nawa uku suka fito. Ga ni nan, da shuɗin gyalena, kowane zare ana gani, kowane layi a fuskata, teku a bayana kore shar, har 'yar gishirin da ta bushe a tabarau na.

"Waɗannan direba ne ya ɗauka ko?" in ji Gerlinde. "Dubi yadda ya sa suka yi duhu, ko fuskarki ba a gani. Taurin kai har ƙarshe."

A nan na gane. Tagar da take wankewa kullum, ƙwan lantarkin da ba shi da kirki, daminar da ba ta da haske, duk suka faɗo mini lokaci ɗaya. Ban yi ihu ba. Na kashe majigin, na ce kaina ke ciwo. Ta naɗe mini sauran kek ɗin ta tafi, tana cewa in huta, kewa ce.

Washegari kafin ƙarfe goma sha ɗaya ina ɗakinta. Na ce ta leƙa bututun ta gaya mini lamba. Ta yi mamaki, amma ta leƙa, ta ɗauke numfashi, ta ce takwas. Na karɓa. Ban taɓa riƙe shi ba a rayuwata, ba ta bari. Na leƙa, ni mai gam, da tsohon tabarau na, na karanta tara, goma, goma sha ɗaya, ɓaro-ɓaro. Ta ce ban iya ba ne. Daidai lokacin matar da ke raba wasiƙu a unguwar ta shigo da wani ƙunshi, Gerlinde ta miƙa mata bututun da kanta. Matar ta leƙa ta ce goma sha ɗaya, har tana ɗan hango sha biyu.

Gerlinde ta zauna a kujerarta. Ta fi ni sanin abin da bambancin lamba uku ke nufi, don kowace lamba ninki ce: hasken da ya shiga fim ɗina ya ninka abin da ake buƙata sau takwas. Yanar ido ce ta rufe mata gani a hankali, shekara da shekaru, ba ciwo, ba alama, duniya tana dusashewa tana ɗora wa taga laifi. Fim ɗin da yawancin mutane ke sa wa kyamara yana da haƙuri, masu wanki sukan gyara a rufa asiri, kuma 'yan kaɗan da suka yi ƙorafi ta ce musu masu wankin ne ba su iya ba. Fim ɗin majigi ba ya yafiya, abin da ya ƙone ya ƙone.

Ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko ɗaya bai fito ba? Da na yi shiru na tafi da ya fi. Amma ni ba mai shiru ba ce.

"Kin ƙona mini fuskar mijina, Gerlinde. Sau sittin da tara."

Na fita na bar ƙofar a buɗe. Wata huɗu ban taka titinta ba, in na hango ta a kasuwa sai in sauya layi. Na tsane ta, gaskiya ke nan, na tsane ta kamar ban taɓa cin abinci a kwano ɗaya da ita ba. Labarinta a bakin mai raba wasiƙu nake ji. An yi mata aikin ido, ɗaya bayan ɗaya. Ta sayi injin gwajin da ta yi shekara ashirin tana zagi. Ta ɗauko littafin adireshinta ta rubuta wa duk wanda ta gyara wa kyamara a shekara biyar da suka wuce, da hannunta, cewa ta yi kuskure, su dawo da ita. Suka yi ta dawowa cikin safa, ta daidaita su ɗaya bayan ɗaya ta mayar. Da ta gama ta ƙarshe ta sauke allon sunanta daga ƙofa. Wata rana na ga 'yar takarda a akwatin wasiƙata, tana roƙon in ara mata hotunan. Na kai akwatunan biyu na ajiye a bakin ƙofarta, ban ƙwanƙwasa ba.

A watan Yuni ta zo. Ta rame, kuma ba tabarau a fuskarta, sai na ga kamar wata ce. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ranar da aka cire mata bandeji, abin da ta fara gani shi ne tagarta tas take, har fentin katakon ta kankare da wanki. Ta buɗe jaka ta fito da ambulan. Mako shida ta yi tana bin hotunan nan da madubin ƙara girma, kusurwa-kusurwa. A na hamsin da takwas Eckart ya jingina baya cikin kujerar saƙar, inuwar rumfar ta rufe gefen kansa, kuma abin da ke cikin inuwar bai ƙone ba. Ta kai an fitar da wurin a takarda, an ƙara masa girma. Kunnensa ne na hagu, da bakin hularsa, da ɗan gefen muƙamuƙi inda reza ta yanke shi da safen ranar. Daga nan zuwa hanci sai fari.

Na san kunnen. Shekara arba'in da shida ina kwana a gefensa, na san 'yar tawadar da ke bayansa. Na riƙe takardar na zauna a kan matakala, na yi kukan da ban yi ba ranar binne shi.

"Shi kaɗai na samu," in ji ta. "Ya gaya mini a ɗakina, a gabanki, na mayar da shi abin dariya. Laifina ne ni kaɗai, Traudel. Ke abin da na ce kika yi."

Maganar tana bakina. Sau uku ya gaya mini a bakin teku, na uku har hannunsa na buge. Da na bar shi ya juya zoben nan ko ranar ƙarshe ce kawai, da ina da fuskarsa sau goma sha biyu. Ba wanda ya san wannan sai ni da shi, shi kuma ya tafi. Na dubi Gerlinde tana tsaye da jakarta a hannu biyu kamar mai jiran hukunci, na buɗe baki, sai na ji na ce ta shigo in dafa kofi.

Ta ci gaba da zuwa duk Lahadi ƙarfe uku, da kek. Ba ta ƙara taɓa kyamara ba. Ba ta ƙara ce mini mai gam ba, ni ma Gimbiya ta ƙi fitowa daga bakina. Takan zauna ta juya wa hoton baya, don a kan kabad na ajiye shi. Kowace Asabar nakan ce gobe zan gaya mata, kowace Lahadi in yanka kek in yi maganar tsadar man shanu. Ina tsoron in na raba laifin nan biyu, rabin da zai dawo kaina ya fi ƙarfina. Ita kuwa ta ɗauke shi duka ba ta yi ƙorafi ba, ni kuma na bar ta.

Sanyi na biyu bayan nan zuciyarta ta tsaya. Mai raba wasiƙu ce ta same ta a kujerar gindin taga, da safe. A cikin kayanta akwai ƙaramin ƙunshi da sunana, bututun ne a naɗe cikin farin ƙyalle, ba wasiƙa. Yana nan kan kabad kusa da kunnen Eckart. Na ƙirga, Lahadi tamanin da ɗaya ta zauna a teburina bayan ranar nan, kuma ban gaya mata ba.